Injin huda ƙanƙara ya ƙi tashi: in gyara ko in koma na batir?

Baban Ilham (Winnipeg): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman taimako, don Asabar mai zuwa muka shirya fita kamun kifi a kan ƙanƙarar Tafkin Winnipeg da abokan aikina, kuma ni na yi bakin cewa zan zo da injin huda ƙanƙara. Wata biyu da suka wuce na saye shi wurin wani dattijo da ciwon gwiwa ya hana shi fita su. Mai shan fetur ne, ramin inci 8 yake yi. A gabana ya ja igiya sau uku injin ya tashi. Na kawo gida na jingine a gareji. Jiya na ɗauko, na ja, na ja, har kafaɗata ta sage. Sau ɗaya ya yi tari kamar zai kama, sai ya yi shiru. Me ke damunsa?

Na Ƙofar Ruwa (Minnesota): Wa alaikumus salam. Bazazzage da inji, ai dole a ji labari. Ƙanena, kafin ka ƙara jan igiyar nan amsa mini abu uku. Man da ke cikin tankin, na yaushe ne? Buɗe murfin ka shinshina, warin fetur kake ji ko wani wari mai tsami kamar tsohon fenti? Na uku, kwance fulogi ka duba bakinsa, a jiƙe yake ko a bushe?

Baban Ilham: Yaya, ko ba a tsokane ni ba ai zan amsa. Man dai wanda na tarar a ciki ne, ban taɓa shi ba. Launinsa ya koma kamar ruwan shayi, warin kuma lallai ba na fetur ba ne. Fulogi a jiƙe yake sharkaf, baƙi ƙirin.

Bakabe (Argungu): Ku tsaya in fahimta. Wato sai kun sayi inji, kun zuba masa mai, kun huda ruwa, sannan ku zauna a kan ruwan kuna jiran kifi ɗaya? Allah ya kyauta. Mu nan gora da homa sun ishe mu.

Na Ƙofar Ruwa: Bakabe, bari mu gama da mara lafiya tukuna.

Baban Ilham, ka san ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, wanda kowane mai shagon aski yake da shi a gida? To injin da ke kan na'urarka ɗan'uwansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara goma sha ina kwance irinsu kafin in zo ƙasar nan. Bambancin kawai, na gida kullum yana aiki saboda ba wuta, mai ba ya kwana a cikinsa. Wannan kuwa wata uku yake aiki a shekara, wata tara yana kwance da mai a ciki. Abin da ke kashe su ke nan.

Fetur ɗin da ake sayarwa a yawancin gidajen mai a nan yana da itanol, wajen kashi 10 cikin 100. Mu a Minnesota tun 1997 doka ta sa ake haɗawa. Itanol yana jan danshi daga iska. In man ya daɗe, ruwan da itanol ɗin sukan rabu su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda tiyo ke zuƙa. Sauran fetur ɗin kuma ya yi ta ƙafewa ya bar wani danƙo a cikin kafireta. Ramukan cikin kafiretar nan ba su kai bakin allura ba, ɗan danƙo kaɗan ya toshe su.

Yi wannan da daren nan. Juye tsohon man gaba ɗaya a wata jarka, ka kai inda ake karɓar irinsa, kada ka zuba a magudana. Bar fulogi a waje, ka buɗe cok, ka danne totur, ka ja igiya kamar sau goma don man da ya taru a ciki ya fita. Sannan ka sa hular fulogin, ka jingina gindinsa da ƙarfen injin nesa da ramin, ka ja ka gani ko yana kawo wuta. Shuɗiyar wuta mai ƙarfi muke so. In ja ce mai rauni, ko babu, sayi sabon fulogi, ba shi da tsada.

Baban Ilham: Yana kawo wuta, shuɗiya. To sabon man fa, nawa zan zuba baƙin mai? A gida ido muke aunawa da shi, murfin gora biyu a lita.

Na Ƙofar Ruwa: Auna da ido shi ya sa janareton unguwarku yake hayaƙi kamar ana gasa tsire. Duba jikin murfin tankin ko gefen injin, galibi an rubuta.

Ɗalibi (Fargo): Kawu, in ɗan sa baki da lissafi. In an rubuta 50:1, mililita 20 na baƙin mai ke nan a kowace lita ɗaya ta fetur. In 40:1 ne, mililita 25. Tsofaffin injinan Tecumseh da ke kan na'urori da yawa na da, wasunsu 24:1 suke sha, wato kusan mililita 42 a lita. Kuma baƙin man na inji mai bugu biyu (irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai) ake nema, wanda iska ke sanyaya shi, ba na mota ba.

Baban Ilham: 24:1 aka rubuta a murfin. Ashe tsoho ne sosai.

Na Ƙofar Ruwa: Tsoho ne, amma mai ƙashi. Kamfanin ya daina ƙera injina tun wajen 2008, sai dai kayan gyaran kafiretarsu har yau suna nan a kasuwa. Nemi fetur marar itanol in akwai kusa da kai. In babu, akwai wanda ake sayarwa a gwangwani a shagunan kayan aiki. Yana da tsada, amma lita nawa za ka sha a hunturu guda? Ka lura dai da abin da aka rubuta a gwangwanin, don wanda aka riga aka haɗa yawanci 50:1 ne ko 40:1, bai kai abin da naka ke so ba.

Maman Hanif (Barrie): Sannunku da aiki. Na yi ta karantawa ina dariya, don duk wannan wahalar mun sha ta a gidan nan. Shekara uku maigidana yana fama da irin wannan injin. Duk ranar da za mu fita Tafkin Simcoe sai an yi rabin awa a kan ƙanƙara ana jan igiya, yara suna kukan sanyi, motar kuma ta yi sati tana warin fetur. Ranar da man ya zube a kan kular abincinmu na ce an gama. Muka sayi mai batir. Maɓalli ɗaya za ka danna. Ni da kaina nake huda ramina yanzu, ba na jiran kowa. Baban Ilham, kada ka ɓata kuɗinka a gyara, tara ka sayi na lantarki.

Na Ƙofar Ruwa: Hajiya, Allah ya ƙara arziki. Kayan gyaran da nake maganarsu ba su kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba. Naku kuwa, batir ɗinsa kaɗai in ya mutu, kuɗinsa ya sayi tsohon inji irin na Baban Ilham sukutum.

Maman Hanif: Malam, ai ba kowa ne bakanike ba. Kai in ya lalace za ka kwance shi a kan teburin cin abinci ka ji daɗi. Mu sai mun kai shago mu bi layi, kafin a gyara ƙanƙara ta narke. Kuma ka faɗa musu nauyinsa mana. Namu wajen kilo 10 ne. Tsohon ya haura haka da kilo huɗu ko biyar, ga jarkar mai.

Ɗan Damagaram (Kebek): Salamu alaikum. Ku duka biyu kun manta da na tsakiya. Nawa iskar gas yake sha, 'yar ƙaramar tukunyar nan ta furofen da ake ɗaura wa murhun tafiya. Ba haɗa isansi (fetur) da mai, ba danƙo a kafireta, buji (fulogi) kuma ba ya yin baƙi. Kamfanonin Jiffy da Eskimo duk sun yi irinsa. Ja ɗaya ko biyu ya tashi.

Ɗalibi: Amma Yaya, furofen a digiri 42 ƙasa da sifili yake daina zama iska. Tun kafin a kai can ƙarfin da ke cikin tukunyar ke raguwa. A Kebek ɗinku wataƙila ba damuwa, amma filin Manitoba a watan Janairu wani abu ne daban.

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne, ranar sanyi mai tsanani a cikin riga nake ɗumama tukunyar kafin in ɗaura. Kuma yana da wata ɗabi'a: da yake mai bugu huɗu ne, baƙin mansa daban yake, in ka kwantar da shi ta gefen da bai dace ba man ya gangara ya cika kan fistin. Na taɓa yi. Igiyar ta ƙi jawuwa sam, na zaci injin ya ƙone.

Baban Ilham: Jama'a an dawo. Na zuba sabon mai. Yanzu yana tashi in cok yana rufe, da na buɗe cok ko na taɓa totur sai ya mutu. Kuma 'yar robar nan da ake dannawa don jawo mai, in na danna ba ta dawowa da sauri, akwai tsaga a gefenta.

Na Ƙofar Ruwa: Madalla, yanzu ya faɗi ciwonsa da bakinsa. Injin da ba ya rayuwa sai da cok, yunwar mai yake ji. Ko dai hanyar man ta toshe, ko yana shan iska ta inda bai kamata ba. Robar da ta tsage ɗin nan tana shigar da iska, canja ta. Bi tiyon man da yatsa, in ya sandare kamar busasshen taliya shi ma ya tafi. A bakin tiyon cikin tanki wasu suna da 'yar matata, jawo ta da lanƙwasasshiyar waya ka duba.

Sai kafiretar. Yawancin na waɗannan injina ba su da kofin mai a ƙasa kamar na babur, saboda ana karkata su ta ko'ina. Wata 'yar fatar roba ce siririya a ciki take bugawa tana tura mai. Sabuwa laushi gare ta kamar ganyen alayyafo. Wadda ta sha tsohon mai in ka taɓa za ka ji tana ƙara kamar takardar biskit. In ta kai haka, wanki ba ya yi mata magani. Akwai lamba a jikin kafiretar, da ita za ka sayi kayan gyaran. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka kwance, akwai wani ɗan sifirin ƙarami a ƙarƙashin allurar, in ya yi tsalle ya faɗa ƙasan gareji kun rabu ke nan. Ɗauki hoto a kowane mataki, musamman yadda fatar da gasket suka hau kan juna, don in ka juya su ba zai tashi ba. Fesa maganin wanke kafireta a kowane rami. Kada ka zura waya, za ka faɗaɗa ramin.

Kusoshin daidaita mai kuma, in naka yana da su, kada ka murɗa da ka. Juya kowanne a hankali har ya zauna kana ƙirga zagayen, ka rubuta, in ka gama ka mayar daidai yadda ka same shi.

Bakabe: Duk wannan karatun don kifi? Kifin nan zinariya yake haɗiya?

Na Ƙofar Ruwa: Kai Bakabe, kada ka raina su. A nan Minnesota akwai gasar da ake yi kowane hunturu a Tafkin Gull kusa da Brainerd, tun 1991. Mutum sama da dubu goma suke taruwa a kan ƙanƙara, kowa da raminsa. Ranar da na fara gani Matan Fada ta Argungu ce ta faɗo mini a rai, sai dai su ba kiɗa, ba tsalle cikin ruwa, kowa ya dunƙule cikin bargo kamar mai jinya.

Bakabe: To mu tun 1934 muke namu, kuma giwan ruwan da ake fitarwa ko rami uku kuka haɗa ba zai bi ta ciki ba.

Maman Hanif: Ku bar Bakabe ya ji da zafin ranarsa. Ni akwai abin da nake so a faɗa wa Baban Ilham tun wuri, ba wasa a ciki. In kun kafa tanti, kada ka tayar da injin fetur a cikinsa. Hayaƙin nan yana da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri, tana kisa. A waje ake huda ramuka, sannan a ja tantin a ɗora a kai. Wannan ma yana cikin abin da ya sa na fi son na batir, a cikin tanti nake sake buɗe ramin da ya daskare yara suna zaune. Kuma yana da juyin baya: in ka gama hudawa ka danna, sai ya tura ɓarɓashin zuwa ƙarƙashin ƙanƙara, ba sai ka yi ta kwasa da ludayi ba.

Na Ƙofar Ruwa: A kan hayaƙi ba ni da ja, Hajiya ta yi gaskiya. Har hitar gas da kuke kunnawa a tanti, ku bar ƙofar iska a buɗe.

Ɗalibi: Ina ganin gardamar nan kauri ne zai raba ta. Masu ƙera na batir ba ramuka suke ƙirgawa ba, jimillar incin ƙanƙarar da caji ɗaya zai ci suke faɗa. Mu ɗauka an ce inci 1,000. In kaurin ƙanƙara inci 16 ne, rami 60 da 'yan kai ke nan, ya ishi kowa. In kuwa inci 40 ne, kamar yadda Tafkin Winnipeg ke kaiwa a ƙarshen hunturu, rami 25 ne. Wannan ma da sabuwar wuƙa da batir mai ɗumi. Sanyi yana rage abin da batirin litiyom ke iya bayarwa.

Faɗin ramin ma yana ci. Ramin inci 10 ba ƙarin kashi 25 ba ne a kan na inci 8 kamar yadda ido ke gani. Filin da wuƙa ke yankewa ya ƙaru da kashi 56 cikin 100. Na inci 6 kuma da kaɗan kawai ya fi rabin na inci 8. Shi ya sa ni da nake ɗalibi diril ɗin huda katako nake ɗaura wa sandar huda mai inci 6, batir mai bolt 18 guda biyu a aljihu, shi ke nan.

Maman Hanif: To ai ka ga, na lantarki ne dai.

Ɗalibi: Eh Anti, amma a farkon hunturu nake fita, ƙananan kifi nake nema. Kuma sai diril mai ƙarfi, a sa shi a giya ta ɗaya, a kashe bugun guduma, a ɗaura mariƙin gefe. Ranar da na fita ba mariƙin, wuƙar ta cije a ƙasan rami, diril ɗin ya murɗe mini wuyan hannu, sati biyu ban iya riƙe biro ba. Wani abokina kuma bakin diril ɗinsa ya saki, sandar ta zurma cikin tafki yana kallo. Akwai faifan da ake sawa a sama wanda ya fi ramin faɗi saboda haka.

Na Ƙofar Ruwa: Yaron nan ya fi mu iya magana. Abin da nake nufi ke nan. Masu neman kifin walleye a babban tafki ba zama suke yi ba, su huda biyar, ba kifi, su matsa gaba su huda biyar. Lita ɗaya a jarka ta kai ka yamma. Batir in ya ce ya gaji kana tsakiyar tafki, ina za ka sa caji?

Maman Hanif: A aljihu ake ɗaukar na biyu, Malam. Ni a cikin 'yar jaka nake sa su tare da abin ɗumama hannu, sai zan huda nake ɗaurawa, in na gama in cire. Kuma in mun dawo ba na sa caji sai sun huce sun yi ɗumin ɗaki, don cajin litiyom yana daskare yana lalata shi. Da bazara a bar su da rabin caji. Iyakar hidimarsa ke nan. Ka shiga kowane shagon kayan su yanzu ka ƙirga, StrikeMaster da ION da sauransu, masu batir ne suka cika gaba. Na fetur sai ka leƙa lungu.

Na Ƙofar Ruwa: Wannan gaskiya ne, ni ma na gani, kuma ba daɗi nake ji ba.

Mai kula da zaure: Jama'a muhawara ta yi daɗi. Tunda akwai sababbin zuwa da ke karantawa, a tuna: hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota ta ce kada a taka ƙanƙarar da ba ta kai inci 4 ba, kuma wannan sabuwa ce garau mai haske. Farar ƙanƙara mai haɗe da dusa rabin ƙarfin waccan gare ta, sai a ninka. A riƙa hudawa ana aunawa yayin da ake shiga, kauri ba ɗaya ba ne a ko'ina. A kuma yanki lasisi.

Baban Ilham: Alhamdu lillahi! Kayan sun iso jiya, na zauna bayan isha na yi yadda Yaya ya ce. Fatar tsohuwar kuwa har karyewa ta yi a hannuna. Sifirin ɗin ya yi tsalle, Ilham ce ta gano shi a cikin takalmina. Ja biyu ya tashi, ya karɓi totur. Amma ga sabuwa: yana yin kamar minti biyu lafiya lau, sai ya fara shaƙewa ya mutu. In na bar shi ɗan lokaci ya sake tashi, ya sake mutuwa. Ko na ɓata wani abu a kafiretar?

Na Ƙofar Ruwa: In ya mutu, buɗe murfin tanki ka kasa kunne. Ka ji ya ja iska, fuu?

Baban Ilham: Wallahi ya yi.

Na Ƙofar Ruwa: Zage-zagi ko dai! A saman murfin akwai ɗan ƙaramin noti da ake murɗawa da yatsa. Ƙofar numfashin tankin ke nan. Mai yana fita, iska ba ta shiga, dole ya tsaya, kamar ka kifa gorar ruwa ka toshe. Sassauta shi in za ka yi aiki, ka ɗaure in za ka sa a mota. Da maigidan Maman Hanif ya ɗaure nasa da kular abinci ba ta sha fetur ba.

Maman Hanif: Zan isar masa da saƙo.

Baban Ilham: Na sassauta. Minti goma yana aiki bai yi tari ba. Yaya, Allah ya saka da alheri, na yafe tsokanar.

Na Ƙofar Ruwa: Amin. Saura abu biyu. In yana silo, sandar ba za ta riƙa juyawa ba. In tana juyawa, rage silon kaɗan, don kulocinsa da gudun inji yake kamawa, kuma sanda mai juyawa da kanta tana kama igiyar riga. Na biyu, cire murfin wuƙaƙen ka kalle su a haske. Ka taɓa dubawa?

Baban Ilham: Ban duba ba. Da ido dai suna sheƙi.

Na Ƙofar Ruwa: To.

Baban Ilham: Jama'a ga rahoton Asabar. Mun shiga ta kudancin tafkin da sassafe, sanyi ya kai 28 ƙasa da sifili, gashin hancina har daskarewa ya yi. Injin ya tashi a ja na huɗu, na bar shi ya yi ɗumi kamar minti biyu. Na kafa shi, na ba shi wuta, yana ta kururuwa, sanda tana juyawa, amma ba ya shiga. Sai gari yake fitarwa kamar an tankaɗe. Na hau kansa da ƙirji ina dannawa, gumi yana keto mini a wannan sanyin. Rami ɗaya ya ci mini kusan minti biyar. Abokin aikina ya zo da nasa mai batir, shiru kamar keken ɗinki, kafin in gama ɗaya ya huda huɗu, ɓarɓashin da yake fitarwa manya-manya. Ban ce komai ba, na tuna Maman Hanif.

Amma ƙanƙarar ta kai inci 38, sai da ya ƙara wa sandarsa tsawo. Wajen azahar batir ɗinsa na farko ya ƙare, na biyun kuma ya bar shi a kan sileji, abin jan kaya a kan ƙanƙara, tun safe, rami uku ya yi ya ɗauke. Daga nan kowa ya dawo kan tsohona. Wani dattijo da ke kusa da mu ya ga wahalar da nake sha, ya zo ya juya injin ya shafa bakin wuƙar da babban yatsa, ya girgiza kai. Ya nuna mini inda ta lanƙwashe kaɗan, ya ce wani ya taɓa buga ta a ƙasa don kakkaɓe ƙanƙara, ko ya huda inda yashi yake. Yana da wasu a akwatinsa da suka yi daidai, ya ara mini, muka ɗaura da sifana. Ban ko danna ba, injin da kansa yake jan kansa ƙasa. Rami goma sha ɗaya muka ƙara kafin la'asar.

Na Ƙofar Ruwa: Shi ya sa na ce "to" na yi shiru. Sheƙi ba kaifi ba ne. Kuma dannawar da ka yi da ƙirji tana cinye kuloci, kada ka sake. In ka gama kowane rami ka ɗaga shi yana juyawa don ruwan ya fita, in ba haka ba ya daskare a bakin wuƙar, na gaba ya ƙi ci.

Maman Hanif: Ni dai abin da na ji shi ne an huda huɗu kafin a huda ɗaya.

Na Ƙofar Ruwa: Ni kuma na ji wanda ya kai su la'asar.

Maman Hanif: Da ya sa batir a cikin riga fa?

Ɗalibi: Da dakusasshiyar wuƙar nan a kan na batir take, ko rami goma ba zai yi ba, Anti. Inci 38 ba wasa ba ne.

Ɗan Damagaram: Baban Ilham, in hunturu ya ƙare kada ka maimaita na dattijon da ya sayar maka. Juye tankin, ka tayar da shi har ya mutu da kansa, ka shafa wa wuƙaƙen mai, ka rataye shi a tsaye.

Baban Ilham: In sha Allahu. Na riga na yi odar wuƙaƙe biyu, ɗaya a jiki ɗaya a aljihu. Bana dai da tsohon nan zan ƙarasa. Amma ba zan ɓoye ba, uwargida ta ga hoton na abokin aikina, ta ji kuma warin da motar ke yi tun jiya, ta fara tambayar kuɗinsa.

Bakabe: Duk na ji. Kifin fa? Nawa aka kama?

Baban Ilham: Walleye biyu, masu koren baya irin na tafkin nan. Ɗaya ya kai tsawon hannuna daga gwiwa zuwa yatsu.

Bakabe: Turo hoton in nuna wa yaran Sarkin Ruwa, su ga abin da ake sa wa a ƙugiya.